Abin da Mai Wanka Ya Gani a Challawa

Ranar da aka zauna kan maganar ɗana a Kano, mu takwas ne a ɗakin. Akwai ni Hajo. Akwai Isufu ƙanen mijina marigayi, wanda ya raka ni. Akwai Sani mutumin Ringim, abokin ɗakin ɗana a Challawa. Akwai Malam Ɗanjuma, tsohon da ya wanke gawar. Sai Lauya Binta, da babban ɗan sanda mai taurari a kafaɗa, da magatakardansa. Na takwas shi ne kofur ɗin da ya yi harbin. An faɗi sunansa, na ji, na riƙe, amma ba zan sa shi a takardar nan ba, don yana da uwa.

Na fara da su ne don ku san ba ni kaɗai na gani ba. Tun da na dawo, kowace ta shigo gaisuwa sai ta gyara zama ta ce, "Inna Hajo, yaya Kanon?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Mariya matar ɗan nawa ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ɗan farina ne. Kun san ban taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa. Yana ƙarami "yaron nan" nake cewa, da ya koyi mota na koma ce masa Direba. Shekara shida yana jan ƙaramar motar wani kamfanin jima a Challawa, yana kai fatu Sharaɗa da Bompai. Wata Talata da hantsi 'yan sanda suka tare shi a hanya, aka harbe shi. Abokan aikinsa suka bi gawar har gidan likita. Aka ce su bari a duba jikin a rubuta, suka ce ba za a yanka musu Musulmi ba, suka sa hannu suka ɗauke shi, kafin magariba an binne. Alheri suka yi nufi, ni ma da ina wurin haka zan ce. Amma da ƙasa ta rufe shi, sai 'yan sanda suka rubuta cewa shi ne ya nufo kofur da mota zai take shi, kofur ya harbe shi ta gaba don ya tsira.

Wannan takarda ce ta tashe ni daga gida. Mutuwa ta Allah ce, ban ja da ita ba. Amma Direba ya bar ɗa, ba zan yarda ya girma ana ce masa ubansa ya mutu yana shirin kashe mutum ba. Mariya na takaba, ba ta fita. Sai ni.

Muka shiga mota a Matamaye bayan asuba, ni da Isufu da rabin buhun hatsi, don ban san wa zai ci da mu a can ba. A bakin iyaka jandarma ya karɓi dantitena, katin shaidar ɗan ƙasa, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Inna, a nan kin fi fara'a." Na ce, "Lokacin ɗana na da rai." Ya miƙo mini katin. A ɗaya gefen wani ɗan kwastan ya caka wa buhuna ƙarfe mai tsini, hatsi ya bi ƙasa yana zuba. Na tsuguna na tsince shi tsaf, mota na jira, direba na ta hon. Ɗan kwastan ɗin ya ce, "Hajiya, yi haƙuri mana." Na ce ban je Makka ba. A Nijeriya kowace tsohuwa Hajiya ce, ko ba ta taɓa wuce tasha ba.

Daga Daura zuwa Kazaure zuwa Kano idona na kan shingaye. A wurinmu ma ana tarewa, ana kuma karɓa, kada wata ta ce na wanke namu. Amma a wurinmu igiya ce da usur, bindiga na rataye a baya. A can katako ne mai ƙusoshi a tsakiyar titi, bindiga kuma a hannu take, bakinta na bin duk inda mai ita ya juya, ya nuna taya, ya nuna gilashi, ya nuna cikin mace mai goyo, shi kuwa hira yake da abokinsa. Direbanmu ba ya tsayawa sosai. Rage gudu yake, ya miƙa hannu ta taga a dunƙule, ya dawo da shi a buɗe. Sau ɗaya ya yi saurin ja kafin a janye katakon, na ji duk motar ta ɗauke numfashi. Na ce masa, "Kai, ɗan nan, jira a sallame ka." Ya ce, "Baba, in na jira kowa ya sallame ni, a hanya za mu kwana." Na dubi ƙeyarsa. Irin ta Direba ce, har da gumin.

Isufu kuwa duk mai kaki ya gani sai ya cire hula. Da muka isa ƙofar kamfanin a Challawa ya ƙame ya sara wa maigadi. Maigadin ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ni ma ɗan Magariya ne, mayar da hularka."

Sani ya zo ya ɗauke mu. Tun daga nesa ya durƙusa, ya kasa gaisuwa. Ɗakinsu ɗaya ne, katifa ɗaya. Shi yana aikin dare, Direba na rana, wannan ya tashi wancan ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa ba. Sani ya ce yanzu in ya dawo da safe sai ya same ta da sanyi, shi ya sa ya koma kwana a tabarma. Hular Direba na nan a ƙusa. Ban taɓa ta ba. Ni aka kai ni wajen matar maigidan hayar, mace mai kirki mai yawan magana.

Unguwar warin jima take, dare da rana, har a ruwan alwala kina jinsa. Da jiniyar kamfani ta yi kuka na miƙe ina salati, na zaci gobara ce, ashe kiran masu canjin aiki ne. A wurinmu rana ke tashin mutum, a can ƙarfe ne. Abinci kuma shinkafa da wake da mai da yaji, suna ce masa garau-garau, a tsaye suke ci a bakin ƙofar kamfani. Ruwa a leda ake sayarwa, a ciji gefe a tsotsa kamar jariri. Na ciji tawa ta fashe mini a ƙirji, matar gidan ta yi dariya har da hawaye. Gurasarsu dai ba laifi. Na ba su hatsina aka yi fura, suka ce ba su taɓa shan irinta ba, na ce don ba ku surfa da kyau ne.

Kwana biyu da zuwanmu Lauya Binta ta zo. Mace ce 'yar siririya, tana cikin masu bin irin wannan magana don Allah. Rabin zancenta Turanci ne, sai na ce mata, "'Yata, da wa kike?" Ta ba ni haƙuri ta dawo Hausa. Ta ce an yarda a zauna ranar Alhamis, amma hannunmu babu komai. Masu tallan da ke bakin hanyar sun watse, ba mai yarda ya ce ya gani. Motar tana hannun 'yan sanda, an ce kayan shaida ce, ba a barin kowa kusa da ita. Takardar likita babu. Ta ce, "Inna, in harsashin ta baya ya shiga, to motar wucewa take, ba nufo shi ta yi ba. Mutum ɗaya ne ya ga jikinsa da kyau, wanda ya yi masa wanka. Sau uku ina zuwa, ya ƙi magana."

Na ce, "Ba zai yi ba."

Ta ce, "Kin san shi ne?"

Na ce, "Na san aikin."

Ku kun sani, shekara talatin ke nan duk macen da ta mutu a garin nan ni ke wanke ta. Uwayen wasunku sun bi ta hannuna. Wadda ta koya mini abu ɗaya ta fara gaya mini kafin ta nuna mini yadda ake zuba ruwa: abin da kika gani a jikin mamaci ba naki ba ne, ba ya fita daga ɗakin. Ban taɓa karyawa ba.

Na samu Malam Ɗanjuma a lambunsa, can wajen kogi, yana ban ruwan latas. Asalin ɗan Challawa ne, ya ce tun kafin a kafa kamfani ko ɗaya suke noma wurin. Isufu ya tsaya nesa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya.

Na ce, "Malam, ku kuka yi wa Direba wanka."

Ya ce, "Direba." Ya ɗan dube ni. "Ɗan fari ne ke nan."

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Na wanke shi kamar nawa. Iyakar abin da zan ce ke nan, Hajiya."

Na ce, "Ban je Makka ba. Amma ni ma mai wanka ce, don haka ba sai kun gaya mini doka ba."

Ya ajiye bokiti. Ya ce, "To kin hutar da ni. Yarinyar nan lauya ta zaci tsoron 'yan sanda nake. Ni da nake kwana da likkafanina a ƙarƙashin gado? In na buɗe baki yau, gobe wa zai miƙo mini uban shi da kwanciyar rai?"

Na ce, "An ce mu rufe aibin mamaci. Ramin harsashi aibin mamaci ne, ko aibin wanda ya harba?"

Ya sake ɗaukar bokiti ya zuba wa latas ruwa. Ya ce, "Malamina bai raba mini su ba. Ke taki ta raba miki?"

Ba ta raba mini ba. Na tsaya a lambun nan sai wata yarinya ta faɗo mini a rai, wadda na wanke shekarun baya, ba zan ce wace ba. Na ga abin da ke bayanta da haƙarƙarinta. Aka ce zazzaɓi ne, na yi shiru, na ɗauka na tsare mata mutunci. Mijin ya sake aure, har na ci tuwon bikin. A lambun Malam Ɗanjuma na fara tambayar kaina, ranar nan wa na rufa wa asiri, ita ko shi? Har yanzu ban gama amsawa ba.

Na ce, "Ban zo tilasta muku ba. Ku zo dai ku zauna, ku ji abin da aka rubuta a kansa."

Ya ce, "Zama zan zo. Magana kuwa kada ki sa rai."

Ranar Alhamis muka shiga adaidaita sahu, muka bi ta Sharaɗa tsakanin tireloli, hayaƙi na shiga ido, har wani babban ofishi da ban riƙe unguwarsa ba. Aka ba mu benci. Kofur ɗin na tsaye jikin bango, ba bindiga. Na zaci zan ga ƙato mai jan ido. Yaro ne, bai kai Direba ba, wuyansa siriri, yana ta murza hularsa. Na dube shi har ya sunkuyar da kai, ban daina ba.

Babban ɗan sandan ya ce masa ya faɗi abin da ya faru. Ya ce, "Yallaɓai, mun tare shi, muna maganar takardun kaya, ya fusata ya shiga mota. Ya nufo ni. Na ji tsoro." Tsoro. Wannan kalma ɗaya na yarda da ita.

Ku ji ni da kyau. Ban ce Direba bai ja mota ba a sallame shi ba. Yana da zuciya, tawa ya ɗauko. Mai yiwuwa ya gaya musu magana mai zafi ya taka mota. In haka ne ya yi laifi. Lambar motar na rubuce gaba da baya, sunan kamfani na jikinta, sun san ƙofar da zai shiga. Su bi shi, su kama shi, su kai shi gaban alƙali, ni da kaina zan ce ya ja wa kansa. Amma ban san ƙasar da hukuncin jan mota kisa ne ba, kuma a tsaye a bakin titi, mai ƙara shi ne alƙali shi ne hauni mai zartar da kisa.

Magatakarda ya fara karanta takardar, yana juya ta Hausa don mu. "Wanda ake zargi ya ƙi tsayawa. Wanda ake zargi ya nufi jami'i da mota. Wanda ake zargi ɗan ƙasar Nijar ne." Haka har ƙasa. Na ƙirga da yatsa, sau bakwai, ba a kira shi komai ba sai wannan.

Ban shirya ba. Sai na ji ni a tsaye.

Na ce, "Yana da suna."

Babban ya ce, "Baba, zauna, za a zo kanki."

Na ce, "Sunansa Lawali. Lawali ɗan Mamman. Ni na haife shi, a ɗakin uwata, ranar kasuwa. Shekara talatin da huɗu ban faɗi sunan nan ba sai yau. Ku rubuta shi."

Isufu ya ce, "Yaya Hajo!" ya rufe baki da hula. Sani ya kifa kai a gwiwa. Babban ɗan sandan Bahaushe ne, ya san abin da ya ji. Ya ce wa magatakarda, "Rubuta." Sunan ya yi mini nauyi a baki kamar na tauna ƙarfe. Na zauna.

Sai na ji benci ya motsa. Malam Ɗanjuma ne ya miƙe. Bai dubi kowa ba sai ni. Ya ce, "Allah ya yafe mini in kuskure ne." Ya ce wa Sani, "Tashi ka juya." Sani ya juya baya. Malam ya ɗora yatsa ƙarƙashin allon kafaɗarsa ta hagu. Ya ce, "Nan ya shiga. Ƙarami ne, kan ɗan yatsana ya rufe shi." Ya juyo da Sani, ya shimfiɗa tafin hannu a ƙirjinsa. "Nan ya fita. Tafina bai rufe ba, sai da na sa auduga. Ni mafarauci ne da ƙuruciya, na san mashiga na san mafita. Ban ga komai a jikinsa ba bayan wannan, in ma na gani ba zan faɗa ba."

Lauya Binta ta ce, "Yallaɓai, a bar mu mu ga motar."

Babban ya dubi kofur. Kofur na kallon takalminsa. Babban ya ce, "Mu je."

Tana bayan ofishin, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta, har yanzu tana warin fata. Gilashin gaba a fashe yake, shi suka riƙa nunawa a da. Amma a ƙarfen da ke bayan kujerar direba akwai rami, bakinsa ya lanƙwasa ciki. Kwana da kwanaki tana nan ajiye, ba wanda ya zagaya bayanta, ko kuwa an zagaya an yi shiru. Na sa yatsana a ramin. Ya shige daidai.

Da muka koma ɗaki babban ya ɗauki biro ya ja layi a kan maganar nufo jami'i da mota, ya sa hannu a gefe. Na ce a karanta mini, aka karanta, na ce a sake. Malam ya dangwala yatsa, ni ma na dangwala. Aka shiga da kofur wani ɗaki. Babban ya ce magana za ta hau sama, ba a hannunsa ƙarshenta yake ba. Lauya ta ce mini kada in ɗauka an gama, irin wannan takan yi shekara, takan kuma ɓace a hanya, amma za ta bi. Ko za a kai shi kotu, ban sani ba, kada ku tambaye ni. Kofin takardar dai na nan a ƙasan akwatin Mariya, da layin a kai, ɗan Direba zai girma ya karanta.

A bakin ƙofa na yi wa Malam Ɗanjuma godiya. Ya ce, "Kada ki gode. Ban sani ba ko mutanen Challawa za su sake kirana." Na ce, "Da ni namiji ce kuma a Kano zan mutu, ku zan ce a kira." Ya yi murmushi kaɗan, ya tafi neman adaidaita.

Washegari da safe Isufu ya ɗaure kaya yana cewa motar Daura ba ta jira. Na ce wa Sani ya fara kai mu inda abin ya faru. Kan hanyar Sharaɗa ne, jikin katangar wani kamfani. Shingen na nan, da katakonsa, wasu 'yan sandan ne dabam. Na shimfiɗa mayafina a tsallaken titi na zauna ina fuskantarsu.

Can ɗayansu ya tsallako. Ya ce, "Hajiya, mota kike jira?"

Na ce, "A'a."

"To me kike yi a nan?"

Na ce, "Kallo."

"Kallon me?"

Na ce, "Hannunku."

Ya yi dariya, ya dubi Isufu, Isufu ya cire hula. Ɗan sandan ya ce, "Ke wace ce, Baba?"

Na ce, "Uwar Lawali."

Dariyar ta tsaya. Ban san ko ya san sunan ba, ko fuskata ce ta gaya masa. Ya dubi bindigarsa, bakinta na kallon gwiwata. Ya juya ta ƙasa, ya tura ta baya, ya koma wajen abokansa ya yi musu magana, duk suka waiwayo.

Na zauna nan motoci na tsayawa suna wucewa, ina bin kowane hannu da ido, har hantsi ya yi, lokacin da aka ce abin ya faru. Sannan na tashi na kakkaɓe mayafina, na ce wa Isufu ya mayar da hularsa ya ɗauki kaya.